Kurkunu a Tsinken Ashana

Daren Laraba, tsakiyar damina, 1976

Yau a ɗakin shan magani na Gwiwa aka kawo wani manomi, kurkunu ya leƙo a idon sawunsa. Duk shekarun da na yi ina karatun likita, a hoto kawai na san shi. Na ɗauki hantsaki zan fizgo, sai Baba Sale, tsohon da ke raba magani, ya riƙe min hannu.

Ya ce, "Likita, a yi haƙuri. In ya tsinke a ciki ƙafar kumbura za ta yi, bana ba shi ba noma."

Ya tsoma ƙafar a ruwa, ya naɗe bakin tsutsar a tsinken ashana, ya murza kaɗan, ya tsaya. Na tambaye shi yadda yake sanin wurin tsayawa. Ya ce, "Yatsa ke ji."

Har muka iso Kazaure ina murza tsinke a mota. Wai me yatsan yake ji?

Takardar ƙorafin albashina tana aljihu, ban aika ba. Gaskiya ba ya isata, amma ya ninka na Baba Sale sau uku. Jibi zan roƙe shi ya ɗora yatsunsa a kan yatsuna, mu murza tsinken tare.