Kada Dabo Ya Ga Rumfata a Rufe

Da sunan Allah nake farawa. Ni Isiyaku mai goro na Sabon Ibadan, da hankalina garau nake faɗar wannan, Malam Iliyasu yana rubutawa. Ƙafafu ne suka ƙi, kai kuwa lafiya lau. Manniru, Musbahu, Raliya, ku saurara.

Na ɗaya. Gida na uwarku Madina ne ta zauna har ranta, sauran kaya a raba yadda shari'a ta ce. Rumfar goro kuwa ban yarda a raba ta ba, ban yarda a sayar ba. Na san mai jiran ta. Dabo ne, na tsallaken hanya. Ya aiko ana taya masa ita tun ina numfashi, wai zai faɗaɗa tasa. Kai, jama'a!

Wannan Dabo, shekarar da Turawa suka kwaso mu daga cikin gari suka yanka mana Sabo, huhun gorona yake ɗauka a ka zuwa tashar jirgi. Yau gidansa rufin kwano, nawa na ciyawa. Ina jin zafin abin, ba zan ɓoye muku ba. In ruwa ya sauka na ji ƙararsa a kan kwanon nan, abinci ba ya wuce mini.

Na biyu. Mutane suna cewa asiri gare shi. Ƙarya ne. Da asiri ne da na riga kowa sani, don shekara da shekaru idona yana kansa. Yininsa kawai ya iya rabawa, ga shi nan na bar muku gado. Da sanyin safiya yake zaɓar goro, ya fid da mai sankara tun ido bai gaji ba. Hantsi na ciniki ne da Yarbawan da suka shigo daga ƙauye. Rana ta take, sai ya yayyafa wa ganyen fita, wanda ake naɗe goro da shi, ruwa, ya lulluɓe goron, ya kwanta ya yi barcinsa kamar jariri. Bayan la'asar ya tashi garau ya ɗaure huhu, alhali 'yan rumfarmu suna hamma. Baƙo kuwa, komai girmansa, a tsaye yake gaisawa da shi, hannunsa na cikin kwando.

Manniru, da kai nake. Ka iya aiki kamar wuta da safe, azahar na yi sai a same ka gindin mangwaro kana dara. Goro bai san ka gaji ba, bushewa zai yi. Ka huta da rana, ka dawo.

Na uku. Musbahu, na ga yadda kake tsallakawa kana durƙusa masa, kana dariya in ya yi magana. Ni ban taɓa samun wannan dariyar ba. Abin ya fi kwanon ci mini rai. Ka gaishe shi, dattijo ne, amma kada ka ɗaura masa huhu ko ɗaya. Hannunka na rumfar ubanka ne. Gabar da ke tsakaninka da wanka Manniru kan wa zai riƙa zuwa tasha ta ƙare yau: ku riƙa karɓa-karɓa.

Na huɗu. Raliya, keken ɗinkin uwarki naki ne. In kin ga 'yan'uwanki sun fara lalaci, ki faɗa musu ko da za su ji haushi.

Na biyar. Dabo zai zo jana'izata, zai ma shiga sahun gaba, na san shi. Ku karɓe shi da mutunci. Amma zaman makoki a zaure za a yi, rumfa ba ta makoki. Ko ranar da aka kai ni, la'asar na yi ɗayanku ya tashi ya je ya jiƙa ganye ya ɗaure huhu. Ina so Dabo ya dawo daga maƙabarta, da ƙasar kabarina a ƙafarsa, ya ɗaga kai ya tarar ɗana ya riga shi zama.

Allah ya yi muku albarka, ya sa wa yininku albarka. Ku ci a akushi ɗaya, ku riƙe uwarku, kada wani ya shiga tsakaninku. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini.