Hoton da Gara Ta Cinye wa Kai

Zuwa ga mahaifina abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fatan Ubangiji Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu dai a nan Manchester lafiya lau, sai ruwan saman da ka sani, wanda kake cewa ba ya zuba, ba ya ɗaukewa, tsokanar mutum kawai yake yi.

Baba, dalilin wannan takarda biyu ne. Na farko, na je gidan nan na Faris da ka ce in je in gani. Na biyu, na karya alkawarin da na yi maka, kuma gwamma ka ji daga bakina.

Ka tuna hoton nan na falonmu na Kano, wanda Kaka ya zo da shi daga yaƙin duniya na biyu, lokacin da Faransa ta kwashe su daga Damagaram ta sa musu kaki. Ɗan kati ne da bai fi tafin hannu ba, da wata ƙubba da aka shafa wa ruwan ɗorawa, gara ta cinye samansa tun yana cikin akwati. Umma, Allah Ya jiƙanta, ta yi shekara talatin tana gaya wa baƙi cewa masallacin Ƙudus ne. Duk Juma'a sai ta goge gilashinsa da gefen mayafinta, kuma ba ta yarda a rataye kalanda kusa da shi. Kai kuwa sai ka sunkuyar da kai kana murɗa rediyo kamar tashar ce ta ɓace maka. Mun ɗauka tsoron Allah ne ya kama ka, ashe dariya kake dannewa.

Bayan rasuwar Umma ka dawo wurina da hoton a aljihun jaka. Shekara uku muna zaune a gidana na Hulme, hawa na biyu, babu lif, kana sauka kullum ka taka har Oxford Road ka tsaya kana yi wa direbobin bas gyara a zuciyarka. Sai ciwon nan ya zo ya shanye maka ɓarin dama. Tsohon saje da ya yi wa Najeriya aikin soja shekara ashirin da biyu, ya zama sai an ɗaga shi.

Daga nan ka daina shan ruwa. In kawo shayi ya huce, in kawo kunu ka ce ka ƙoshi. Leɓenka ya tsattsage, likita ya yi ta yi mini faɗa kamar ni ce nake hana ka. Sai wata safiya, ina shirin fita aiki, ka ce in ajiye jakar in zauna.

"Uwata, ba wai ba na jin ƙishirwa ba ne. Abin da ke biyo bayan ruwan ne ba na so. Ke 'yata ce, kuma sunan mahaifiyata gare ki. Ba zan iya ki riƙa kai ni bayi ba."

Na ce to mu koma Birmingham wurin Yaya Nura, ai shi namiji ne, kuma likita. Ka ce Nura yana asibiti ba dare ba rana, wa zai rage a gida in ba matarsa ba? Surukarka ce kuma za ta ga abin da ka hana 'yarka gani? Ka ce in Nura ya ji dalili ajiye aikinsa zai yi, ka san halinsa, kuma ba za ka zama sanadin haka ba. Sannan ka nuna hoton da hannunka mai lafiya.

"Wannan ba masallaci ba ne, coci ne. Gida ne da aka gina wa sojan da ya ƙare. Kakanki ya shiga da ƙafarsa. Ya ce a can maza ke kula da maza, kuma ba wanda ke sunkuyar da kai. Nemo min irinsa ko da ƙarami ne. Amma dalilin, tsakanina da ke."

Na yi maka alkawari ina kuka. Cikin wata guda ka koma gidan kula da tsofaffi a Ardwick, inda Allah Ya haɗa ka da Malam Awudu, Bahaushen Kumasi mai aiki a wurin, wanda yake yi maka wanka, ya kama maka alwala, kuna musu a kan wace Hausa ce ta asali. Ranar farko ka shanye kofi uku na ruwa a gabana.

Yaya Nura kuwa har yau ina jin muryarsa a waya. "Care home, Bilki? Seriously? Muna da spare room a ƙasa, ga toilet kusa, amma kika kai mahaifinmu hannun strangers? Me zan ce wa mutane a masallaci?" Ka sha gaya masa cewa kai ka zaɓa, ya ɗauka rufa min asiri kake yi. Yana zuwa duba ka duk Asabar, amma sai ya tabbata na tafi. Da ka rasu aka yi zaman makoki a gidansa, ya karɓi gaisuwata kamar ta maƙwabciya. Shekara biyu ke nan ba abin da ke haɗa mu sai saƙon barka da Sallah. Ya yi min ciwo, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Mu biyu kaɗai kuka bari.

Watan jiya na ɗauki hutu na hau jirgin ƙasa zuwa Landan, daga can na shiga wanda ke bi ta ƙarƙashin teku zuwa Faris. Ka san aikina duba tsofaffin gine-gine ne, in na shiga wuri idona kan tsaga da danshi yake fara sauka. To wannan karon na manta da aikin. Tun daga bakin kogi na hango ƙubbar, rana ta buge ta tana walƙiya, zinariya ce ta gaske aka lulluɓa mata. Can a ƙololuwa, daidai inda gara ta tsaya da cinta, ga gicciye a tsaye. Na tsaya a tsakiyar hanya ina dariya ni kaɗai, ina tuna gefen mayafin Umma.

Sama da shekara ɗari uku ke nan da wani sarkinsu ya ba da umarnin gina shi. Yaƙe-yaƙensa sun cika gari da guragu da makafi, mazan da suka ba da ƙuruciyarsu suka koma yawo a titi. Ko tausayi ne ya kama shi, ko kunya, ko tsoron abin da tsohon soja mai yunwa zai iya yi, Allah ne masani. Abin da na gani dai shi ne bai gina musu rumfa a bayan gari ba. Fuskar ginin doguwa ce, sai ka juya wuya kafin ka ga ƙarshenta, kuma tagogin da ke rufin sama an sassaƙa kowace da siffar sulke da kwalkwali, kamar an jera dakaru suna gadi. Wanda ya zana wannan ya so gurgun da ke dawowa daga kasuwa ya ɗaga kai ya tuna ko shi wane ne.

Da na shiga babbar farfajiyar sai da na ja numfashi. Bene ne hawa biyu ya kewaye ta, duk baranda ce mai bakan gizo irin na soron manya, ta yadda mai sanda zai zagaya gidan kaf ruwa bai taɓa shi ba. Tsofaffin igwa, manyan bindigogin yaƙi na tagulla, suna jere a gindin bango. Akwai agogon rana a sama, inuwa ce ke nuna lokaci. Matakalar da na hau mai faɗi ce, hawanta ba tsayi, har na ciro tef ɗin awona daga jaka, wani mai gadi ya dube ni na mayar. Abu ɗaya na ƙi yafe wa maginan, duwatsun da suka shimfiɗe tsakar gidan da su. Da keken guragunka muka bi ta kai, da ka zage su har kakanninsu.

Dubban mutane ne suka zauna a ciki a lokacinsa, kuma ba zaman jiran mutuwa suka yi ba. Suna da kaki, suna da ƙa'ida kamar a bariki. Masu hannu suna ɗinkin takalma da tufafi, wasu suna zayyana littattafai da hannu. Ɗakunan cin abincinsu an zane bangon da hotunan yaƙi, mutum yana shan miya yana nuna wa na kusa da shi inda ya bar ƙafarsa. Na san da kai ne, da ba wanda zai ci abinci cikin kwanciyar hankali don labari.

Cocin kuma ashe biyu ne, sun jingina baya da baya. Na sojoji dogo ne, fari tas, ba ado sai haske, ga tutocin da aka ƙwato a fagen fama suna rataye can sama, sun tsufa sun koɗe. Nan jikina ya ɗan yi sanyi, don kowace tuta ta wasu mutane ce da su ma suna da tsofaffinsu. Na tuna Kaka ma kallo kawai ya yi ya wuce, ya koma Damagaram da kati. Cocin sarki kuwa shi ne ƙarƙashin ƙubbar, marmara da zinariya da zane har inda ido ya gaji, kuma a tsakiyarsa aka haƙa rami mai faɗi aka ajiye kabarin wani sarkin yaƙinsu na baya cikin jan dutse, duk mai son gani sai ya sunkuya. An tsara su ne don sarki ya shigo ta ƙofarsa, sojoji ta tasu, a yi ibada ɗaya a lokaci ɗaya. Yanzu wani ƙaton gilashi ne a tsakani, kana hango ɗaya ɓangaren amma ba hanya. Na daɗe a gaban gilashin nan, kuma ba sarki nake tunani ba, Yaya Nura nake tunani.

Abin da ya ƙarasa ni a waje yake. Har gobe akwai tsofaffin sojoji da ke zaune a wani sashe na gidan, da asibitinsu. A lambun gefe na ga wani dattijo a keke, hularsa a karkace, wani ma'aikaci ƙaƙƙarfa yana riƙe masa kofi yana sha. Da ya gama ya goge baki, ya ga ina kallonsa, sai ya gyara zama ya kai yatsu biyu gefen hula. Ko ɗigon kunya babu a idonsa. A wurin na gane cewa ban jefar da kai ba, Baba, abin da ka roƙa na ba ka. Na kuma gane cewa ɗanka yana can yana zaton ka mutu a wulaƙance, kuma ni kaɗai ce zan iya cire masa wannan.

Na ɗauki hoton ƙubbar har da samanta na tura masa, ban rubuta komai ba. Ko minti goma ba a yi ba ya kira.

"Bilki, wait. Wannan ba masallacin Umma ba ne? Cross nake gani a kai?"

Muka yi ta dariya har na zauna a bakin dakali. Rabon da in ji dariyarsa tun kana da lafiya. Da dariyar ta lafa sai na gaya masa komai, ruwan da ka ƙi sha, da maganar matarsa, da maganar aikinsa. Da na gama sai ya ce:

"Iyayen mutane nawa na wanke a ward, Bilki? Nawa uban kuma ya hana ni." Ya ƙara da cewa, "Two years kina ɗauke da wannan ke kaɗai, ina gaishe ki kamar baƙuwa."

Asabar ɗin da ta biyo ya zo Manchester. Ya hau benen nan a hankali, ya tsaya a ƙofar banɗakina yana kallon ƙanƙantarsa. Daga nan ya ce in kai shi Ardwick. Sau nawa ya wuce Malam Awudu a baranda ba ko sannu, ranar nan sai ga babban likita ya durƙusa ya kama hannuwan mutumin nan biyu yana godiya. Malam Awudu ya ruɗe, yana ta cewa ai Saje ubansa ne shi ma. Da zai koma na ba shi hoton ya tafi da shi Birmingham. Ya ce zai rataye shi a falo, kuma duk baƙon da ya tambaya zai ce a je a tambayi Umma.

To ka ji, Baba. Ka ba ni amana na riƙe shekara biyu bayanka, sannan na saki. Aikin da ka ji tsoron ya ajiye yana nan a hannunsa, mutuncin da ka tsare kuma ba wanda ya taɓa shi. Ɗan'uwana nake nema, na kuma same shi. In na yi laifi ka yafe wa Uwarka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haɗa ka da Umma da Kaka a inda babu ciwo babu tsufa. Yadda ka suturta kanka a duniya, Allah Ya suturta ka ranar tsayuwa. Ya shayar da kai daga Alkausara, ka sha, ka ƙara, ka ƙoshi, ba tare da tunanin komai ba.

Wassalam.

'Yarka da kake kira Uwata,
Bilkisu
Hulme, Manchester