Ƙarin Girma Ya Zo, Mama Ta Ƙi Barin Limanti

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ni magidanci ne a Maiduguri, ina aiki da wani kamfanin rarraba magunguna, ofishinmu yana GRA. Kwanan nan aka yi min ƙarin girma zuwa manaja, amma da sharaɗin in koma Abuja da zama. An taɓa ba ni irin wannan damar na ƙi, wannan karon ogana ya ce min ƙarara in na sake ƙi ba za a ƙara tunawa da ni ba, kuma kafin ƙarshen wata yake son amsa.

Matsalar mahaifiyata ce. Mu biyu ta haifa, ni da yayana. A lokacin rikici ya fita da safe zuwa shagonsa a Kasuwar Kwastam, har yau bai dawo ba. Babu inda ban nema ba, asibitoci, sansanoni, wurin jami'an tsaro, ba gawa ba labari. Tun daga nan Mama ba ta taɓa kwana a wajen gidanmu na unguwar Limanti ba, ko biki ta je sai ta dawo kafin magariba. Ga hawan jini, ni nake kai ta asibiti, ni nake tsayawa sai ta sha magani.

Da na gaya mata zancen tafiya na ce tare za mu koma, sai ta ce, "Je ka, Allah ya yi maka albarka. Amma ni ba zan rufe ƙofar nan ba. In ya dawo ya tarar da kwaɗo, ina zai nufa?" Tun ranar abinci sai ta taɓa ta ture.

Matata kuma ta tayar da hankali, ta ce ta yi haƙuri a karon farko, yara suna girma, ita ma a rikicin nan ta rasa mahaifinta amma ba ta tsayar da rayuwar kowa ba. Na ce ta iya bakinta, ta ce gaskiya ce ba na son ji. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne shawarar kawuna, ƙanin Mama. Ya ce zai samo mutumin da zai zo ya shaida mata cewa ya ga gawar yayana da idonsa, a yi addu'a, ta yi kuka ta haƙura ta bi ni. Na ce a'uzubillahi, amma wallahi maganar ta ƙi fita daga raina. Wataƙila ta samu sauƙi, wataƙila kuma labarin ne zai kashe ta. In kuma yana raye fa?

Jama'a ya zan yi? In tafi in bar ta da 'yar aiki, ko in sake ƙin aikin in rasa zaman lafiyar gidana, ko in bari a yi wa uwata ƙaryar mutuwar ɗanta? Musamman waɗanda nasu ya ɓace irin haka, ku nake so ku amsa min, ta yaya iyayenku suka iya barin gida?