Jitar Da Na Zaɓa Wa Auwalu

Daren Talata, Gaya

Auwalu ya dawo daga Kano da jita har biyu! Jitar bas ce, wato mai kaurin murya, mai aiki da lantarki, irin wadda gwani ke sassaƙawa da hannu. Mai sayarwar ya ba shi aro ya gwada, ɗaya zai saya. Jikan nawa ya ce, "Tsoho, kai ka yi garaya, kai za ka zaɓa."

Na ce, "Ja'iri, tona ni ka zo yi a gaban kakarka?"

Babu wuta tun jiya, sai na yi yadda muke gwada garaya a kasuwar Ajingi: na ɗora haɓata a kan icen, na ja tsirkiya. Mai tsirkiya biyar kyakkyawa ce, amma muryarta na mutuwa da wuri. Mai huɗun nauyi gare ta, sai dai amonta ya bi haƙorana ya sauka ƙirji, ya daɗe bai tafi ba. Ita na zaɓa.

Rabona da kiɗa tun ranar da surukina ya ce ko garaya ko 'yarsa. Ban yi nadama ba. Amma yau yatsuna sun nemi tsohuwar hanyarsu, na ji sun ƙage. Sai matata Binta ta ce daga bakin ƙofa, "Malam, sake jan tsirkiyar ƙasan nan."

Jibi Auwalu zai koma Kano da jitar. Gobe da la'asar zai jona ta a janareta, kuma ni zan fara taɓawa. Ko amo ɗaya yatsun suka ba ni, ya ishe ni. Na aika har Kademi, duk wanda ya san ni da garaya ya zo ya gani.