Shuɗin Dutsen da ke Carbinka

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba mai kai maka wannan takarda, amma shekara uku ke nan maganar tana cina, gara in sauke ta.

Gida lafiya. Modu ne ke zama a rumfarka ta Gamboru, ni kuma ina nan ina shirya carbi a tsakar gida kamar da. Ɗan naka har yanzu bai iya bambance murjani da jar roba ba sai ya aiko a tambaye ni. Mutanen Khaddamari da suka gudo suna zaurenmu, iyali biyu.

Kasuwa ta sauya. Da, kai kake zaɓa wa mutum dutsensa: aƙiƙ ga mai saurin fushi don ya sanyaya zuciya, murjani ga mai jego, kahraman ga tsoho mai ciwon gaɓoɓi. Yanzu kowa shuɗin fairuz yake nema, dutsen matafiya, har wanda iyakar tafiyarsa shingen sojoji na bakin unguwa. Ina gaya musu abin da kake faɗa, cewa Allah ne mai tsaro, dutse tuni ne kawai. Suna gyaɗa kai, su saya.

To ga abin da na ɓoye. Ka tuna safiyar da za ka Khaddamari ta'aziyya, zaren carbinka ya tsinke? Ka ce in sake shi, in sa maka fairuz guda kusa da limamin carbin. Ƙwaya ɗaya ta rage mana, kuma na riga na ba wata mata wadda mijinta direba ne, don ta yi ta kuka. Tsoron faɗanka ya hana ni magana. Na ɗauko shuɗiyar ƙwayar kwalba na zura, na miƙa maka.

Ba ka dawo ba. Aka tare ku a hanya, carbin kaɗai aka kawo mana da hularka. Na san kwana ne ya ƙare, na sha faɗa wa wasu haka. Amma wa zai faɗa wa zuciyata? Duk sanda Iya ta ɗauko carbin tana ja, sai in tashi in bar ɗakin.

Makon jiya zaren ya sake lalacewa, Iya ta ba ni in gyara. Na samo fairuz na gaske zan musanya a ɓoye, sai ta riƙe hannuna. Ta ce a safiyar nan, kafin ka fita, ka ɗora ƙwayar a leɓenka yadda kake gwada kowane dutse, ka ji ba sanyi. Wai ka yi dariya, ka ce Yagana ta yi maka wayo, amma kada ta nuna mini ka gane, don idona ya nuna na yi kyauta da fairuz ɗin ne inda ya dace.

Ni da na zaci zan ruɗi mutumin da ya shekara arba'in yana taɓa duwatsu! Me ya sa ba ka yi mini faɗan ba, Baba? Da ya fi mini sauƙi.

Na sa sabon zare, na mayar da kwalbar inda take. Fairuz ɗin na ba Modu ya kai rumfa.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka.

'Yarka mai wayon banza,
Yagana