Kun Tafi da Fatar Mutanenmu, Ba Ku Dawo Ba

Zuwa ga Babban Likitan Asibitin Ido,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne malamin asibitin da ke ba da magani a wani ƙauyen bakin rafi, yamma da Garaku. Na rubuto maka sau uku ta gidan waya ban ji amsa ba, shi ya sa yau na fito fili.

Na farko, damina uku ke nan da likitocinka suka zo binciken makantar da ke addabar ƙauyukan bakin ruwa. Aikinsu shi ne su yanki ɗan ƙiris na fata a kwankwason mutum su duba. Mutanenmu suka ce faufau, domin a wajenmu ba a ba baƙo ko gashi ko farce, balle fata. Ana tsoron a yi wa mutum asiri da su. Ni na cire riga a gaban mai gari aka fara da ni. Sannan na kamo hannun mahaifina aka yanki tasa. Da harshen Gwandara na yi wa mutanenmu rantsuwa cewa likitoci za su dawo da magani, sai jama'a suka yi layi.

Na biyu, shugaban tawagar ya yi mini alkawarin gurbi a kwas ɗin kula da ido na asibitinku. Na cika fom. Aka mayar mini cewa takardata ta makarantar Midil ba ta kai ba. Ikon Allah! Wata biyu ina riƙe musu fitila, ina tafinta, ina rubuta sunaye, ba wanda ya tambaye ni takarda a lokacin.

Na uku, ba wanda ya dawo. Yanzu idan na shiga kasuwa sai hira ta mutu. Ana cewa na sayar da fatar jama'a. Mata sun daina kawo mini 'ya'yansu rigakafi, kuma wallahi wannan ya fi maganar kwas yi mini ciwo.

Abin da ya fi damuna shi ne mahaifina. Likitocinka sun ce yanar ido ce a idonsa na dama, ana iya cire ta, suka rubuta sunansa. Na hagu ya riga ya tafi. Na kai shi asibitin Keffi, suka ce aikin naku ne, kuma sai da takardarku. Ga shi wani mai maganin gargajiya da ke soke ido da allura don kawar da yana yakan zo lokacin kaka, kuma tsohon ya ce ya gaji da jiran likitocin nan nawa. Na sha wanke idanun da allurar nan ta kashe.

Ina roƙo a aiko wani ya tsaya a gaban mai gari ya faɗi abin da aka gani a fatar nan, a kuma sake duba takardata. Idan abu ɗaya kaɗai za a iya, to a ba mahaifina ranar aikin ido kafin a yanke dawa. In ba haka ba zai zauna a gaban mai allura, kuma ya riga ya ce ni zan riƙe masa kai. Ban san yadda zan ce masa a'a ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kiyaye maka ganinka, ya yi maka jagora a aikinka.

Wassalam.

Naka,
Adamu Ɗanladi,
Gangaren Tudu, Keffi.