Inda Aka Binne Cibiyar Jikarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabin da kika koya min, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci. Na san saƙo ba ya zuwa inda kike. A waya ma nake rubutawa, kuma mutanen da suka saba karanta 'yan rubuce-rubucena za su gani. Su gani ɗin, ni dai da ke nake magana.

Inna, na sauka. Mace ce, gobe muke arba'in. Sunanki ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi. Na ɗauki waya ne don in faɗa miki inda aka binne cibiyarta, domin na san da kina nan, ita ce tambayar da za ki yi da zarar kin ji muna lafiya. Sai dai amsar ba za ta shige ki ba sai na ba ki labarin shekarar da na yi zaune a cikin mota.

Kin rasu da tsakiyar damina, ba ki ga abin da ya biyo baya ba. Ba a yi miki sadakar arba'in ba ruwa ya kwantar da ɗakinmu ni da surukinki, Allah Ya sa muna waje. A damanar ne kuma aka raba gadon gonar su surukinki tsakanin maza tara. Rabonsa ya fito wani siririn yanki, in ka tsaya a wannan gefe za ka miƙa wa na wancan gefe goro. Ya bar wa yayansa ya karɓi kuɗi, ya sayi tsohuwar bas da injin sussuka mai taya biyu da ake ja a baya. Ya ce zai riƙa bin amfanin gona duk inda ya nuna, ni kuma in zauna wajen matar yayan nasa kafin Allah Ya hore mu yi gini.

Kin san halin 'yarki. Na ce ban yi aure don in zauna a raɓe a ɗakin wata ba, ƙafata ƙafarsa. Ba wanda ya tilasta ni, ni da bakina na faɗa, kuma na sha tuna wannan maganar ina cizon yatsa.

Ya cire kujerun baya, muka shimfiɗa katifa, na rataya labule tsakaninmu da wajen direba. Adakata a ƙarƙashin taga, jarkokin ruwa uku a bakin ƙofa, kwanukan da kika tara min shekara da shekaru na ɗaure su da igiya. Ki yi haƙuri, Inna, babu ɗaya da bai lotse ba. Duk ramin da muka faɗa sai na ji kukansu.

Ba zan ɓoye miki ba, makonnin farko na ji daɗi. Ni da ban taɓa wuce Ɗanbatta da Kano ba, sai ga ni ina ganin garuruwa ta taga. Matan ƙauye su zo leƙe, su ga gado da tukunya a cikin mota, su kama baki. Wata tsohuwa ta zagaye motar sau biyu, ta ce, "Ke 'yar nan, to in kun yi faɗa ina kike yin yaji?" Na yi dariya har da hawaye. Daga baya na gane tambayar gaske ta yi min.

Abin da ban yi tunani ba shi ne ƙasa. Kin fi ni sanin wannan yankin namu, babu taku ɗaya da ba shi da mai shi. Mu tsaya a gindin bishiya, kafin in ɗora tukunya sai ga dattijo da fartanya a kafaɗa. Zai gaishe mu da kyau, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Sai dai fa nan gefen gonata ne." Ba faɗa, ba zagi, amma dole mu matsa. Muka koma tsayawa a burtali, hanyar shanu, don ita kaɗai ce ba ta mutum ɗaya ba. Nan ma da yamma sai garke ya zo, bijimai su riƙa sosa jiki a bangon ɗakina.

Wanka kuwa, zana nake jinginawa jikin mota in tsuguna ina sauri. Kewayawa ita ce babbar wahala. Na koyi yin sallama a gidan da ban san kowa ba in ce don Allah zan kewaya. Na koyi rage shan ruwa. Ke da kike cewa, "Mace ba ta wanka inda tsuntsu ma zai gan ta," da kin gan ni da kin yi kuka.

Da gero da dawa suka ƙare muka gangara kudu wajen masu noman rani, muka yi shinkafa, muka jira alkama. Da sanyi ƙarfen mota yakan yi gumi ya riƙa ɗigo mana a fuska. Da bazara kuwa, ga azumi, ko taɓa ƙofar ba ka iyawa da rana. Ƙaiƙayi ya zama abokin zama, yana cikin katifa, yana cikin tuwo, yana cikin kitso. Shekarar ce kuma mai ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa. Mukan yi kwana huɗu, biyar, a wuri ɗaya, aiki na kiran mu a gaba, babu abin da za a zuba a tanki. Surukinki ya rame, ya rage magana. Mutumin kirki ne, Inna, bai taɓa ɗaga min murya ba, amma gajiya ta cinye mana hira.

A can na gane ina da ciki. Ban faɗa masa ba, da wane baki? Sai da ya ga ina toshe hanci duk sanda ya buɗe jarkar mai, ya dube ni, na sunkuyar da kai, shi ke nan maganar. Tun daga ranar tambaya ɗaya ta zauna min a ƙirji. Cikin fari a gidan uwa ake haihuwar sa, a bayan ɗakin uwa ake binne mabiyiya. Tawa tana bayan ɗakinki, kin sha nuna min wurin, kusa da randar wanka. To ta wannan fa, a ina?

Na kwantar wa kaina hankali da cewa ko ba kya nan, ɗakinki yana nan. Ɗanki Yaya Lawan, da gidan yake hannunsa, ba zai hana ni ba.

Da damina babu sussuka, sai muka dawo gida-gida, motar ta koma ɗaukar taki da kayan 'yan kasuwa. Ki ji wannan, ki yi dariya in ana dariya a can. Ranar kasuwar Ɗanbatta, da sassafe za a sauke ni a gindin tsamiya da katifa da adaka da tukwane, gidana ya tafi kasuwa. Ina zaune ina gadin kaya da tulun ciki, in hadari ya taso in lulluɓe mu da leda. Da yamma gidan ya dawo yana warin awaki, in share, in wanke, in mayar da shimfiɗa.

A wata ranar kasuwa irin wannan ce na ce wa surukinki ya biya da ni unguwarmu. Na ji ƙishin-ƙishin cewa Yaya Lawan ya sayar da gida ya koma Kano, ban yarda ba, surukinki kuma bai iya faɗa min ba. Muka tsaya a bakin hanya. Inna, gyaɗa ce. Daga inda zaure yake har inda turkenki na awaki yake, gyaɗa ce kore shar, an yi mata noma tsaf. Da darbejiyar maƙwabta na auna na gane inda ɗakinki yake. Mai gonar ya taso ya gaishe ni, bai san ni ba, ya ce in bi a hankali kada in taka masa yabanya. Na bi a hankali.

Ban yi kuka ba. Na koma mota na zauna, na ce mu tafi. Ban ƙara tayar da maganar inda zan haihu ba, shi ma bai tayar ba. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara, har kaka ta zagayo.

Muna wani ƙauye a gabashin Gezawa, ana sussukar geron wani gida, ciwo ya fara min da hantsi. Motar tana tsakiyar masussuka, maza sun fi ashirin a kewaye, masu miƙa dami, masu riƙe buhu. A nan na yi wautar da har yau ban manta ba. Na ja labule na yi shiru. Ta yaya zan leƙo a gaban maza in ce naƙuda nake? Kin raine ni da cewa, "'Yar gidan mutunci ba a jin muryarta ranar haihuwa." Na riƙe maganarki, na riƙe ƙarfen kujera, injin yana ta ruri. Tun hantsi har azahar ta wuce, ban ce uffan ba. Ban ɗora miki laifi ba, Inna. Ke a ɗaki kike nufi, da mata a kewaye. Ba ki taɓa zaton za a yi a mota ba.

Allah Ya kawo Iya Dije, uwar mai geron, ta zo da fura don baƙuwar da aka ce mata tana cikin mota. Ta ɗaga labule, ta dube ni sau ɗaya, ta dire ƙwaryar. Ban san tsohuwa na da murya haka ba. Ta ce, "Kai, kashe wannan abin! Kuna can kuna cika buhu, 'yar mutane za ta mutu a gwangwani!" Injin ya mutu, maza suka watse kamar an yi ruwa. Ita da surukarta suka lulluɓe ni da zane, suka riƙe ni har ɗakinta. Kafin la'asar ta yi sanyi Ummi ta faɗo. Washegari da aka kai ni asibiti, ma'aikaciyar ta yi min faɗa sosai, kuma na ci faɗan, don gaskiyarta ce.

Amma bari in koma ranar. Bayan an yanke cibi an gyara ni, Iya Dije ta wanke mabiyiya ta sa a kasko, ta aika a tambayi uban 'ya ina za a kai. Ina jin amsarsa daga zaure, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce ko a haƙa a gefen hanya, inda motar take.

Nan ne na yi kukan da ban yi a gonar gyaɗa ba, wanda ban yi a naƙuda ba. Na yi shi da ƙarfi, duk gidan suka ji, kunyar ta tafi inda za ta. Gefen hanya, Inna, inda gobe wata mota za ta tsaya ta zubar da baƙin mai. Ban ji haushinsa ba. Ba shi da wani wurin da zai faɗa, kuma na san faɗar ta yi masa ciwo.

Ɗan Iya Dije, mai gidan, ya ɗan yi gunaguni. Ba mugu ba ne, gidan ne ya yi musu kaɗan, 'ya'ya da jikoki sun cika shi, yana gudun abin da zai jawo magana wata rana. Tsohuwar ba ta ko dube shi ba. Ta ɗauki 'yar fartanyarta ta zagaya, ta ce, "Bayan ɗakina ne, ba na wani ba." Da hannunta ta haƙa, da hannunta ta rufe.

Ita ta yi min wankan jego, safe da yamma, da ruwa mai zafi da ganyen darbejiya, hannunta ba tausayi kamar naki. Ita ta dama min kunun kanwa, ta tsaya a kaina sai na shanye. A ƙofar gidanta aka raɗa suna. Kwana talatin da tara ke nan ina kwana a ɗakin da ba ya motsi, kuma sai yanzu na san irin gajiyar da na tara. Wani lokaci ina shayarwa barci yake sace ni a zaune.

To ga amsar tambayarki. Cibiyar mai sunanki tana wani ƙauye da ba ki taɓa takawa ba, a bayan ɗakin matar da ba ki sani ba. Ki yafe min, ban iya kai ta kusa da tawa ba.

Jiya surukinki ya dawo, ya wanke mota, ya liƙe inda take yoyo. Shinkafa ta nuna a kudu, ana jiran sa. Iya Dije ta ce in zauna, amma na ga yadda jikokinta suke kwana a cunkushe saboda ni, kuma ba zan bar bawan Allah nan shi kaɗai da injin ba. Gobe in na yi wankan ƙarshe zan shiga mota.

Da safen nan ta tara ɗanta da matan gidan, ta kai su bayan ɗaki ta nuna musu wurin da sandarta. Ta ce, "Ku shaida. Yarinyar nan 'yar gidan nan ce. Ko bayan raina ta zo, ba a tsayar da ita a zaure." Ɗan nata ya ce ya ji, kuma na ga alamar har zuciyarsa ya ji.

Ban san ranar da za mu daina yawo ba, na ma daina tambaya. Amma duk ranar da aka ce wa Ummi ke 'yar ina ce, tana da sunan garin da za ta faɗa, tana da ƙofar da za ta shiga. Ni ce dai yanzu ba ni da garin da zan faɗa.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya saka wa Iya Dije da gidan da ya fi nata. Allah Ya raya Ummi, Ya sa ta koyi tafiya a kan ƙasa. Mu kuma Allah Ya ba mu inda za mu sauke kaya. Amin.

Taki har kullum,
Rabi